Lambar Iyon da Dalhatu Ya Ɗinka

Akwai wani yaro a Gusau, wajejen shekarar 1955, ana ce masa Dalhatu. Ɗan Malam Muhammad Sani ne, mai sayen gyaɗa a kusa da tashar jirgin ƙasa. Shekarunsa ba su wuce goma sha shida ba, amma in ya sa kakinsa na 'yan Sikawut, ya ɗaura ƙyallen wuya, ya ratso kasuwa, sai ka rantse shi ya sari garin.

Ba kuma za mu ci haƙƙinsa ba, yaron ya iya.

Ga waɗanda ba su san yadda abin yake ba, a Sikawut hawa ake yi kamar tsani. Yaro zai fara a sabon shiga, ya haddace alkawari da dokoki, ya koyi ƙulle-ƙullen igiya. Daga nan sai Daraja ta Biyu, sai Daraja ta Ɗaya. Can ƙololuwa kuma akwai wanda ake kira Sikawut ɗin Sarauniya, matakin da ko mutum ɗaya bai taɓa takawa ba a ƙungiyar makarantarsu.

Ban da matakan akwai lambobi, wasu 'yan ƙyallaye zagayayyu da ake ɗinkawa a hannun riga. Kowace lamba shaida ce cewa an gwada ka a wani abu, an ga ka iya. Akwai ta girki, akwai ta taimakon gaggawa, da ta sanin hanya, da ta iyo. Hannun rigar Dalhatu ya cika har allura ta rasa wurin shiga. Shi ya sa in yana magana da kai ba ya fuskantar ka sosai, sai ya ɗan karkace ya ba ka kafaɗa, don ka karanta.

Shugaban ƙungiyar shi ne Malam Usman, malamin makaranta, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama da ƙafa ɗaya wadda ba ta lanƙwashewa. Duk ranar da zai miƙa wa yaro lamba sai ya riƙe ta tukuna, ya ce:

"Wagga ba ado ba ce. Wanda duk ya ɗinka ta ga riga tai, ya ce ma duniya: in abu ya ɓaci, ku kira ni."

Yara sun ji wannan magana har sun gaji. Dalhatu kan kwaikwayi muryar Malam da ɗingishinsa a bayan aji, a yi ta dariya.

An raba ƙungiyar rukuni-rukuni, kowane da shugabansa daga cikin yaran. Dalhatu ne shugaban Rukunin Shaho, kuma shi kowa ke sa ran zai fara zama Sikawut ɗin Sarauniya. Duk gwajin da ake bukata kafin a aika sunansa ya ci. Abu ɗaya ya tsaya masa a maƙogwaro. Malam Usman yana da wata doka tasa ta kansa: ba ya aika sunan shugaban rukuni gaba sai mataimakinsa ya kai Daraja ta Ɗaya. Yakan ce shugaban da ya bar nasa a baya bai isa ya wuce ba.

Mataimakin Dalhatu kuwa Shu'aibu ne, ɗan gwaggonsa Lantana, wato taubashinsa. Daga 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe aka kawo shi karatu, yana zaune a gidan kawunsa, ɗaki ɗaya da Dalhatu, akushi ɗaya. Ubansa ya rasu, shi kaɗai ne namiji a wurin uwarsa. Ranar da ta kawo shi ta kama hannunsa ta sa a na Dalhatu, ta ce, "Ga amana nan."

Shu'aibu yaro ne mai sanyi, mai ƙoƙari. Ya iya hura wuta ko da itacen ya jiƙe, ya iya ɗaure karaya, ya iya bin sawu. Amma ba a kai wa Daraja ta Ɗaya sai da lambar iyo, shi kuwa tun da ya taɓa faɗawa kududdufi yana ƙarami, ko rijiya ba ya son leƙawa.

Ga shi lokacin bazara ne. Gulbin Gusau ya zama rairayi, mata na tona shi suna ɗibar ruwa da ƙoƙo. Babu inda za a gwada kowa iyo sai damina ta sauka, alhali kafin damina za a aika sunaye.

Wata rana suna dawowa daga makaranta Dalhatu ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya dubi Shu'aibu.

"Kai, dutsen Tsahe. Saboda kai za ni rasa abin da nish sha wuya a kai?"

"Mi kaka so in yi, Dalhatu? Ka san ban iya ba."

"Ni nas sani. Malam bai sani ba. Bara da hutu ba mun tahi Bunguɗu wurin kakannina ba? Ba mun je gulbi ba?"

"Mun je. Ku kunka shiga, ni ina bisa ganga ina tsaron riguna."

"To, zan ce nag ga ka ƙetare. Kai dai ka yi shiru. Damina na sauka ni da kaina zan koya maka, kahin kowa shi gane ka zama kihi. Wa anka cuta?"

Shu'aibu ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsan ƙafa. Bai ce to ba. Bai kuma ce a'a ba. Yaron da ke cin tuwon gidanku, yana kwana a tabarmarku, ba ya iya duban idonka ya ce maka a'a. Dalhatu ya san da haka sarai, kuma da shi ya yi aiki.

A Sikawut doka ta fari ita ce maganar ɗan Sikawut abar yarda ce. Ba a sa shi rantsuwa. In ya ɗaga yatsu uku ya ce abu ya faru, to ya faru. Saboda rashin ruwa a rani, Malam Usman ya saba karɓar shaidar shugaban rukuni a kan iyo, muddin shugaban shi kansa yana da lambar.

Da Dalhatu ya kawo maganar, Malam ya dube shi ya daɗe.

"Da idonka kag gani?"

Dalhatu ya ƙame, ya ɗaga yatsu uku. "Da idona nag gani, Malam."

"Kai kuma Shu'aibu?"

Shu'aibu ya buɗe baki, ya waiwayi Dalhatu, ya mayar ya rufe. Malam ya ɗauka kunya ce irin tasa, ya yi murmushi ya dafa kansa. Shi ke nan, aka ba shi lambar iyo, aka wuce wurin.

Al'adarsu ce kowane yaro shi ke ɗinka lambarsa da hannunsa. Da yamma Dalhatu ya tarar Shu'aibu ya ɗan sa wa tasa zare sama-sama, tana reto kamar za ta faɗi.

"Wanga wane irin ɗinki ne? Kamar wanda ya aro ta?"

"Ai aro ce," in ji Shu'aibu a hankali.

Dalhatu ya fizge rigar. Ya zauna a bakin ƙofa ya ninka zare, ya bi gefen lambar ya ɗinke ta tsaf, ya sake zagayowa, ya ƙulle, ya ciza zaren da haƙori. Ya jefa masa rigar yana dariya.

"To ga ta nan. Ko kura ta ja ba ta cire ta."

Aka aika sunan Dalhatu. Aka ce sai bayan damina babban jami'in Sikawut zai zo ya yi masa gwajin ƙarshe. Tun daga ranar takunsa ya ƙara sauyawa.

Damina ta sauka, gulbi ya kawo. Shu'aibu ya tuna masa alkawari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma Dalhatu ya lura da abin da bai hango ba tun farko: duk inda ruwa yake a Gusau, akwai yara a wurin. In aka ga mai lambar iyo ana tallafe masa ciki a bakin ganga yana shure-shure, kafin la'asar labari ya kai kunnen Malam. Sai ya riƙa cewa gobe, jibi, bari ruwan ya ɗan ja. Haka aka yi ta yi har hutu ya zo.

A hutun nan ƙungiyar ta tafi zango kusa da Bunguɗu. Aka kafa tantuna a wani tudu. Wata safiya Malam ya kwashe su zuwa ƙauyen Kekun Waje don su taya wani tsoho marar 'ya'ya noman gonarsa. Aka bar yara biyu tsaron kaya, ɗayansu ma jikinsa da ɗan zafi. A hanya suka ratsa wata ƙorama, ruwan iya ƙwauri, ƙanana har suna watsa wa juna.

Da suka juyo bayan la'asar, ko ɗigo bai sauka a kansu ba. Ashe can inda ƙoramar ta faro an tafka ruwa. Ƙoramar da suka tsallake da wasa ta cika ta yi jajir, tana gudu tana tafe da kara da rassan itace.

Malam ya tsaya yana kallo. Ya sa babban yaro ya gwada da sanda, ruwan ya kai ƙirji. Komawa Kekun Waje a kwana abu ne mai sauƙi. Amma hankalinsa na kan yaran nan biyu da ke tudu su kaɗai, ɗaya ba lafiya, ga hadari na haɗowa ta gabas. Shi kansa da ƙafar nan tasa ba zai iya tsinana komai a cikin ruwa ba. Sai ya yi abin da kowane shugaban Sikawut zai yi.

"Masu lambar iyo su hito."

Dalhatu ya fito. Bawa, shugaban Rukunin Damisa, ya fito. Shu'aibu ya tako a hankali ya tsaya a gefensu.

Malam ya dubi hannayen rigunansu ya gyaɗa kai. "Uku. To, da uku muna iyawa. Da biyu ne da mun koma ƙauye."

Ya rarraba aiki. Dalhatu zai ƙetare da igiya ya ɗaure a wata bishiyar kanya da ke can ƙetare, ya tsaya yana karɓar yara. Bawa zai tsaya ta wannan gefen yana ɗora su a igiya ɗaya bayan ɗaya. Shu'aibu kuma zai tsaya a tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi.

"Kai ne mai kamu," in ji Malam. "Wanda duk ya suɓuce, kai za ka bi."

Shu'aibu ya dubi Dalhatu. Duba ne irin na wanda ke jiran babba ya yi magana.

Jama'a, a nan ne fa. Kalma uku ta isa: bai iya ba. Da an koma ƙauye an sha fura an kwana. Dalhatu ya ji maganar ta taso masa har baki. Sai ya hango jami'in nan da zai zo, ya hango idon Malam, ya hango Bawa yana dariya. Ya ce a ransa ai ruwan iya ƙirji ne, ga igiya zai riƙe, babu abin da zai faru. Ya sunkuya yana ɗaura igiya a ƙugunsa. Ƙullin da yake yi ido rufe, ranar ya daɗe yana dubansa.

Ya faɗa ruwa ya ƙetare kamar wasa, ya ɗaure igiya. Shu'aibu ya bi ta da hannu bibbiyu har tsakiya, ya tsaya, haƙoransa na kaɗawa. Yara suka fara wucewa. Duk wanda ya iso wurinsa sai ya ce masa, "Riƙe da kyau, kada ka dubi ruwa." Shi kansa sama yake kallo.

Saura kaɗan a gama sai aka ɗora Hamidu, ƙaramin cikinsu, sabon shiga da ko takalmin kirki ba shi da shi. Yana kaiwa tsakiya wani reshe ya taho a guje ya doke shi a kafaɗa. Hannunsa ya saki.

Shu'aibu bai tsaya tunani ba. An ce masa shi ne mai kamu. Ya saki igiya ya bi yaron.

Dalhatu na tsaye a ƙetare ya ga wanda bai iya ruwa ba ya bi wanda bai iya ruwa ba. Ya ga Shu'aibu ya cafki ƙyallen wuyan Hamidu, ya ingiza shi da iya ƙarfinsa wajen wata bishiya da ta kwanta a ruwa. Hamidu ya maƙale a reshe yana ihu, Bawa ya iso gare shi. Shu'aibu kuwa ya ɗago hannu sau ɗaya, ruwa ya sha kwana da shi.

Dalhatu ya yi tsalle ya faɗa. Bai san tsawon tafiyar da ya yi ba. Can ƙasa ya same shi ya saƙale a saiwoyi, fuska a ruwa, jini na fita ta kunnen hagu inda dutse ya buge shi. Ya jawo shi kan ganga, ya kifar da shi, ya riƙa danna bayansa yana saki kamar yadda aka koya musu, yana kuka yana kiran sunansa. Da ƙyar Shu'aibu ya amayar da jan ruwa, ya yi tari.

Aka haɗa sanduna da riguna aka yi gadon ɗaukar marar lafiya irin na 'yan Sikawut, aka ɗauke shi zuwa Bunguɗu. Washegari wata motar gyaɗa ta kai shi asibiti a Gusau. Ya sha zazzaɓi mai tsanani, amma Allah ya yi da sauran kwanansa, aka sallamo shi ya ci gaba da jinya a gida.

Kafin nan labari ya gama gari. Dalhatu ya zama jarumi. A tasha leburori na nuna shi da baki, a kasuwa mata na sa masa albarka. Malam Usman ya ce zai nema masa lambar jarunta, wadda ta fi duk na hannun rigarsa. Duk wanda ya tambayi Shu'aibu yadda aka yi, amsarsa ɗaya ce: "Ruwan ne ya hi ƙarhina." Ko a gadon jinya yana yi wa ɗan kawunsa kara.

Abin da Dalhatu ya daɗe yana nema ga shi ya zo har da ƙari, amma tuwo ya ƙi wuce masa. Ya daina ba mutane kafaɗa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Malam, wanda ya rame cikin 'yan kwanaki, yana ta faɗin, "Ni nas sa yaran mutane cikin ruwa. Ban cancanci riƙon ƙungiya ba." Har ya fara zancen ajiye aikin.

Wata ranar Juma'a da hantsi Gwaggo Lantana ta iso daga Tsafe, da goran zuma da zakara a ɗaure. Ta duba ɗanta ta yi kukanta ta share. Sannan ta kama hannun Dalhatu da hannu biyu.

"Ɗana, na ba ka amana ka riƙe. An ce har ruwa ka koya mai. Yaron ga da ko randa ba shi leƙawa! Sannan ka bi shi cikin ƙorama ka hiddo min shi. Allah shi yi maka albarka, shi ba ka masu yi maka."

Kowace kalma sai da ta ƙona shi. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ana cikin haka Malam Usman ya yi sallama, ya zo dubiya. Lantana ta fita zaure ta gaishe shi, suka zauna da yayanta Malam Muhammad Sani. Ɗakin samarin na jikin zauren ne, ƙofarsa a buɗe, asabari kawai aka saki.

Dalhatu ya rage shi kaɗai da marar lafiya. Ya durƙusa ta hagunsa, ya kai baki kusa da kunnensa, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji a zaure.

"Shu'aibu, ka yahe min."

Shu'aibu na kallon rufin ɗaki, ko motsi bai yi ba.

"Shu'aibu, don Allah. Ni nac cuce ka."

Shiru. Dalhatu ya ɗauka fushi ne. Sai can Shu'aibu ya juyo don ya gyara kwanciya, ya ga bakinsa na motsi.

"Au, magana kaka yi? Zagayo ta nan. Wanga kunnen ya mutu tun ranar. Likita ya ce ba shi dawowa." Ya ɗan yi murmushi. "Kada ka hwaɗa ma Inna tukuna."

Dalhatu ya miƙe. Zai iya zagayawa ta dama ya sake raɗawa, kuma ya san Shu'aibu zai ce ba komai, maganar ta mutu a ɗakin nan har abada. Ya taka zai zagaya, ya tsaya. Raɗa ce ta kawo su nan tun daga gindin tsamiya.

Sai ya ɗaga asabari. Ya buɗe murya, irin wadda yake ba rukuninsa umarni da ita a fili.

"Shu'aibu bai iya ruwa ba. Bai taɓa iyawa ba. Ban ga ya ƙetare gulbi ba, riguna yat tsare muna. Ni na yi ma Malam ƙarya don a aika sunana. Kuma a bakin ƙorama na sani, na yi shiru. Kunne nai na hagu ya mutu, ni ne sanadi."

Zakaran nan ya yi ta fuka-fuki a ɗaure.

Malam Usman ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na ce maka da idonka kag gani?"

"Ka ce, Malam."

"Ka ɗaga min yatsu uku."

"Na ɗaga."

Malam ya mayar da hularsa kai.

Lantana ta tashi ta shiga ɗakin. Ta zauna ta hagun ɗanta ta kira sunansa a hankali. Bai waiwayo ba. Ta rufe bakinta da gefen mayafi, ta daɗe a haka. Sannan ta zagaya ta dama.

"Kai kuma mi ya hana ka magana? Ba ka da baki?"

"Inna, tuwon gidansu nika ci."

Malam Muhammad Sani na bakin ƙofa ya ji. Dattijon nan da ake shakka a duk tashar sai ga hawaye a gemunsa. Ya ce, "Ashe tuwona ne ya ruhe maka baki, Shu'aibu? Da na sani da na bar ka da yunwa."

Da Lantana ta fito ta tsaya a gaban Dalhatu. Ya so ta mare shi, ba ta yi ba.

"Albarkar da nis sa maka ba ni janye ta, don kai ka hiddo shi. Amma kai kas sa shi. Na kawo maka ɗa da kunne biyu. Gobe ina tahiya da abina."

An ba ta haƙuri har an gaji. Malam Usman ya ce yaron na da ƙwaƙwalwa, a bar shi ya ƙarasa. Ta ce ta gode, wanda ya rage mata take so ta tsare. Washegari Dalhatu ne ya ɗauki akwatin Shu'aibu a ka har tashar mota. Shu'aibu bai sake komawa aji ba.

Da aka koma makaranta Malam ya tara ƙungiya a gindin tuta. Ya ce an janye sunan Dalhatu, an sauke shi daga shugabancin rukuni, kuma duk yaron da ya taɓa hawa mataki da shaidarsa za a sake gwada shi. Yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka koma baya saboda shi, wasu suka daina gaishe shi. Malam ya ce shi ma ya ɗauki nasa rabon: daga ranar ba ya ƙara ba da lamba a kan ji.

Wani yaro ya tambaya ko maganar lambar jarunta fa. Malam ya ce, "In akwai jarumi ranar nan, wanda yas saki igiya ne alhali ya san bai iya ba. Amma da ɗayansu ya buɗe baki a bakin ƙorama, da ba a nemi jarumi ba."

Sannan ya zaro rigar Shu'aibu daga jaka, ya miƙa wa Dalhatu tare da reza.

"Wanda yaɗ ɗinka shi ka warwarewa."

A gaban kowa ya zauna yana tsinke zaren. Ɗinkin ya yi ƙarfi, ya ninka ya sake ninkawa, ya ƙi fita. Sai da hannun rigar ya yage kafin lambar ta rabu da shi.

Dalhatu bai bar Sikawut ba, ko da yake barin ya fi sauƙi. Ya koma layin baya a ƙarƙashin yaron da shi ya koya wa ƙullin farko. Bai taɓa zama Sikawut ɗin Sarauniya ba, shekarunsa suka wuce, Bawa ne ya samu. Daga baya ya zama malamin makaranta, ya riƙe tasa ƙungiyar. Ko ɗan wa ka ke, ko wa ya yi maka shaida, sai ya tuɓe riga ya shiga ruwa tare da kai kafin ya ba ka lambar iyo. Yara suka sa masa suna Malam Sai-Na-Gani, suna jin haushinsa, ba su san mafarin abin ba.

Shu'aibu ya zama manomi a 'Yankuzo, ya yi iyali. Ya daɗe da yafewa. In Dalhatu ya kai masa ziyara suka fita cin kasuwar Tsafe, ko farashin dawa Dalhatu ya faɗa sai ya ce, "Da idonka kag gani, Malam?" ya fashe da dariya. Dalhatu kan taya shi, amma tasa ba ta kai ciki.

Har suka tsufa, duk lokacin da za su jera a hanya, Dalhatu ne ke zagayawa ta hannun dama tun kafin a ce masa.

Darasi: Shaida amana ce, ba alfarma ba. Duk lambar da ka ɗinka wa wanda bai iya ba, ko takardar da ka sa wa hannu, ko "na san shi, ya ƙware" da ka faɗa don kunya ko don biyan bukatarka, akwai ranar da za a dogara da ita a sa rai a kai, kuma sau da yawa ba kai za ka biya ba. Kada ka ce ka gani alhali ba ka gani ba, kada kuma kara ta rufe maka baki a inda shiru zai cutar. Ku tura wa malamai da iyaye da duk wanda ake karɓar shaidarsa, wataƙila wani na tsaye a bakin tasa ƙoramar yanzu haka.